Yadda ake zaɓar mariƙin gaba da zai zauna lafiya da salansar bindiga

Mariƙin gaba shi ne rigar nan ta alminiyam ko ta roba da ke lulluɓe bututun bindiga, inda hannun da ba ya kan kunama yake kamawa. Muddin babu komai a bakin bindigar, zaɓarsa ba wani aiki ba ne: mutum ya duba tsawon da ya yi masa, ya duba nauyi da kuɗi, shi ke nan. Da zarar salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi, ta shigo, lissafin ya canza. Yanzu akwai wani gwangwanin ƙarfe mai kauri da zai zauna dab da bakin mariƙin, ko ma ya shige cikinsa, zai yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma dole a iya ɗaura shi a kwance shi ba tare da an wargaza rabin bindigar ba. Yawancin masu yin asarar kuɗi a nan abu ɗaya ke kayar da su. Sukan sayi mariƙin da ya burge su a hoto, daga baya su nemi salansa ta bi shi. Ai salansa ce gaba, mariƙi ne ke binta.

Bayanin zai fi karkata ga bindigogi samfurin AR-15, wadda Eugene Stoner ya tsara a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, don a kanta ne aka fi sauya mariƙi, kuma a Amurka ne kasuwar wannan kaya ta fi girma. Amma hanyar awon ɗaya ce ga kowace doguwar bindiga.

Abin da ake gamawa da shi kafin a taɓa sifana

Mariƙi ƙarfe ne kawai, a Amurka ana sayensa kamar kowane kaya. Salansa kuwa tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 da ake kira NFA, kuma sai hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta amince da takardar mutum kafin ya karɓe ta daga dila. Harajin dala 200 da aka yi shekara da shekaru ana biya an mayar da shi sifili daga Janairun 2026, amma rajistar tana nan daram. Jihohi 42 ne suka yarda farar hula ya mallake ta. Kalifoniya da Niyok na cikin waɗanda suka hana. A Finlan da Norwe da Birtaniya mafarauta masu lasisi suna amfani da ita a matsayin kayan kare kunne, a wasu ƙasashe da dama kuma mallakarta laifi ne babba. Kowa ya san dokar inda yake tukuna.

Akwai wata doka da ta shafi zaɓin kai tsaye. A Amurka, doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba tana da tata rajistar dabam. Salansar da ake ɗaurawa a kwance ba ta shiga lissafin tsawon bututu, mariƙi ma haka. Kada wani ya ɗauka dogon mariƙi a kan gajeren bututu ya fitar da shi daga wannan hukunci.

Sai kuma abin da ba a gajiya da maimaitawa: cire gidan harsashi, ja baya ka leƙa makwancin harsashi da ido, ka sa yatsa ka tabbatar, ka kai harsasai wani ɗaki. Duk awon da ke tafe a bakin bindiga ake yinsa, fuskarka da hannunka za su yi ta gilmawa ta wajen.

Mataki na farko: a waje za ta zauna ko a ciki?

Tsari biyu ne. Ko dai mariƙin ya ƙare kafin inda salansa ta fara, ta zauna gaba ɗayanta a fili, ko kuma mariƙin ya zarce bakin bututu ya haɗiye gindinta.

Na biyun ya fi kyan gani, babu musu. Bindiga takan fito kamar gida ɗaya aka ƙera ta, irin fasalin MP5SD ta kamfanin Heckler & Koch. Yana kuma da amfani na gaske a gajeren bututu. Wanda ke da bututu mai inci 8 ko 9 na harsashin .300 Blackout, idan ya tsaya kan mariƙin da bai kai bakin bututu ba, da ƙyar zai sami wurin dafa hannu, balle wurin tocila. Dogon mariƙi kan ba shi filin kamawa, ya kuma shiga tsakanin tafinsa da ƙarfe mai zafi.

Amma ga abin da ake biya. Mariƙin dole ya zama mai faɗin ciki, wato mai kauri a hannu da ƙarin nauyi. Zafin salansa yana taruwa a ciki maimakon iska ta kwashe shi. Ramukan ɗaura kaya da ke saman salansar sun zama na ado. Mafi girma kuma, bindigar ta zama ba ta harbuwa sai da salansa. Idan bakin bututu yana cikin mariƙi aka harba babu ita, wuta da iskar da ke fita da ƙarfi cikin mariƙin za su bazu, daidai inda yatsu suke. Idan akwai birkin baki, wato ƙarfen rage bugun bindiga mai ramuka a gefe, abin ya fi muni, don yana iya tsaga alminiyam ɗin ya raunata hannu.

A ganina, wanda ke harba harsashin 5.56 a bututu mai inci 11.5 zuwa 16 ba shi da dalilin cusa salansa cikin mariƙi. Ya bar ta a waje, ya huta. Cusawa ta gajeren bututu ce da harsashi marar zafi sosai, kuma ta mutumin da ya yanke shawarar cewa wannan salansa ta wannan bindiga ce har abada. Mai salansa ɗaya da yake yawo da ita tsakanin bindigogi uku, ya manta da zancen.

Mataki na biyu: awon tsawo, da hannunka

A nan ake yawan faɗawa rami, saboda lambobin da ke jikin kwali ba daga wuri ɗaya ake auna su ba. Tsawon bututu daga fuskar makulli ake ƙirga shi, wato ƙarfen da ke tokare gindin harsashi, can cikin makwancin harsashi, har zuwa ƙarshen baki, kuma ya haɗa da zaren da ake murɗa salansa a kai. Zaren nan shi kaɗai yakan ci kusan inci 0.6. Mariƙi kuwa daga goshin gangar jikin bindiga yake farawa, kuma wanda aka rubuta wa inci 15 yana iya zama 14.8 ko 15.2, gwargwadon kamfani. Wasu ma bakinsu a karkace aka yanke shi, leɓen ƙasa ko na sama ya fi tsawo.

Abin da kake nema shi ne kafaɗar bututu, wato dakalin nan da zare ya ƙare a kansa, inda gindin salansa ko maɗaurinta ke zama. Ɗauki tef ko rula ta ƙarfe, ka kafa ta a goshin gangar jiki daidai inda layin dogon sama ya ƙare, ka auna zuwa kafaɗar. Rubuta lambar.

Sannan ɗaura salansar yadda za ta zauna a zahiri, da maɗaurinta da komai, ka sake aunawa daga goshin zuwa wurin da ƙarfenta ya fi matsowa baya. Sau da yawa lamba ta biyu takan gaza ta farko, don wasu maɗaurai suna da zobe da ke komawa baya ya wuce kafaɗa. Wannan lamba ta biyu ita ce iyakarka. A ce ka sami inci 15.3. Cire aƙalla rubu'in inci, rabin inci ya fi, sai ka ga mariƙin da ainihin tsawonsa ya wuce 14.8 zuwa 15 ya fara shiga hatsari. Je shafin kamfanin ka nemo ainihin tsawon, kada ka tsaya ga sunan da aka sa wa kayan.

Haɗin da aka saba gani yana nuna hanya. Gajeriyar bindigar MK18 ta sojan Amurka tana da bututu mai inci 10.3 da mariƙi mai kusan 9.5. Tsarin URG-I, shi ma na sojan Amurka, yana haɗa bututu mai 14.5 da mariƙin Geissele mai 13.5. Bututu mai 11.5 yakan tafi da mariƙi mai 10 ko 10.5. Inci 16 da mariƙi mai 15 shi ne haɗin da ya cika kasuwa, kuma shi ne wanda ya fi ba masu salansa ciwon kai, domin wani sa'in ya shige da ƙyar, wani sa'in zoben maɗauri ya daki bakin mariƙi saura zagaye ɗaya ya kulle. Mai bututu 16 da ya sayi mariƙi mai 13 ko 13.5 bai yi asarar komai ba sai ɗan wurin da da ma hannunsa ba ya kaiwa.

Akwai nau'in salansa da ke komawa baya ta lulluɓe wani sashe na bututu, don a rage tsawon bindiga. Mafarautan Turai sun saba da ita, kamfanoni irin su A-TEC na Norwe suna yin ta, haka ma wadda aka ɗaura wa bindigar Mk12. Irin wannan tana iya cin inci uku ko huɗu a bayan kafaɗa. Hanyar awon ba ta canza ba, sai dai mariƙin zai gajarta sosai fiye da yadda ido ke zato.

Mataki na uku: faɗin ciki, inda ake yaudarar kai

Wanda ya zaɓi barin salansa a waje yana iya wuce wannan da sauri. Mai cusawa kuwa ya zauna da kyau.

Kaurin salansar doguwar bindiga da aka fi sani inci 1.5 ne. Akwai waɗanda suka fi haka kauri, musamman gajeru masu ƙiba da waɗanda ke fitar da iska ta gaba, irin na HUXWRX. Siraran mariƙan zamani kuwa faɗin cikinsu yana wajen 1.3 zuwa 1.4, wato ko kusa salansa ba za ta shiga ba. Waɗanda aka yi musamman don haɗiye salansa sukan fara daga 1.6 su kai 1.8 ko 2.

Auna salansarka da ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu na masu aikin ƙarfe, kuma a wurin da ta fi kauri. Ba lallai jikinta ne ya fi kauri ba. Zoben kulle, ko layin walda, ko tudun da aka yi don kama sifana, kowannensu yana iya ɗara jikin.

Yanzu lissafin da mutane ke mantawa. Idan cikin mariƙi 1.6 ne salansa kuma 1.5, bambancin 0.1 ne, amma gefe biyu za su raba shi. Kowane gefe ya sami 0.05, ɗan abin da ya ɗara milimita ɗaya. A kan tebur za ka ga ta shige ba ta taɓa komai ba, ka ce an gama. Wurin harbi labarin dabam ne. Bututu yana kaɗawa duk lokacin da harsashi ya bi ta cikinsa, kuma nauyin salansa a bakinsa yana ƙara kaɗawar. Mariƙi shi ma yana lanƙwasa idan ka jingina shi a kan dutse ko ka danna ƙafafun tsayawa ko ka ja maratayi da ƙarfi, kuma can ƙarshensa ne lanƙwasar ta fi yawa. Ƙarfe kuma yana buɗewa da zafi. Da sun haɗu, saiti ya tafi: harsasai uku su faɗa wuri ɗaya, na huɗu ya yi nasa waje, mutum ya yi ta zargin madubin saiti ko harsashi. Shaidar takan bayyana daga baya, wani ɗan zobe mai ƙyalli a jikin fentin salansa inda aka yi ta gugar juna. Ga salansa mai 1.5, ni ba na kallon mariƙin da bai kai 1.7 ba.

Sai batun ramukan ɗaura kaya. Tsarin M-LOK da Magpul ya fitar a 2014 shi ne ya mamaye kasuwa, musamman bayan gwajin da cibiyar sojan ruwan Amurka da ke Crane ta yi aka bayyana a 2017, inda ya fi abokin gasarsa, tsarin KeyMod na 2012, riƙo. Amma M-LOK yana aiki ne da ɗan noti mai kan T da ke shiga cikin mariƙi ya juya, sukurun kuma ya leƙo ta bayansa. Wannan leƙowar takan cinye tazarar da ka lissafa gaba ɗaya. Faɗin cikin da kamfani ya rubuta na mariƙi tsirara ne. Don haka duk ramin da ke saman salansa, ɗauka babu shi, sai fa idan mariƙin yana da faɗi ƙwarai. Layin Picatinny, wato dogon layin ɗaura kaya mai haƙora, wanda sojan Amurka suka amince da shi a 1995, ta waje yake kama kaya, babu abin da ke shiga ciki. Shi ya sa mariƙin da ke da ɗan guntun Picatinny a gaba yake da daraja ga mai cusawa, ko da ya ɗan fi nauyi.

Leƙa cikin mariƙin ma ka ga siffarsa. Da yawa ba da'ira ba ce cikakkiya. Akwai kwarin bututun gas a sama, wato siririn bututun da ke mayar da iskar harbi baya don ta sarrafa bindigar, akwai ƙasusuwan ƙarfafawa, akwai gurbin maratayi da ke kumburowa ciki. Wurin da ya fi matsewa shi ne faɗin gaskiya.

Mataki na huɗu: ta yaya yatsunka za su kai ga makulli?

Salansa takan hau bututu ta hanya uku. Akwai mai murɗawa kai tsaye a zaren bututu, wanda ga 5.56 yawanci 1/2x28 ne, ga dangin .30 kuma 5/8x24. Akwai mai hawa kan wani ƙarfen baki mai gangare, tana matsewa da murɗi kawai, irin Plan B na kamfanin Q ko Xeno na Dead Air. Akwai kuma mai zobe ko maɓallin kulle, irin SOCOM na SureFire, ASR na SilencerCo da KeyMo na Dead Air.

Na ukun nan ba sa shiri da cusawa. Zoben a gindin salansa yake, gindin kuma shi ne abin da mariƙi ya haɗiye. Ba ka ganin ko ya kulle, ba ka iya kama shi ka buɗe. Ko a waje salansar take, bar wa yatsu biyu wurin kama zoben, ka tuna wataƙila da safar hannu za ka kama shi kuma yana da zafi.

Na farko da na biyu su ne na cusawa, amma su ma suna da tarkonsu. Yawancin salansar yau suna da zare a gindi, mai awon 1.375x24 da ake kira HUB, inda ake murɗa maɗaurin da mutum ya ga dama. Bayan an yi harbi mai yawa, kunkunniya takan kama maɗaurin ta manne shi da bututu. Ka murɗa salansa, sai jikinta ya fito a hannunka, maɗaurin ya zauna can cikin mariƙi inda sifana ba ta shiga. Daga nan sai an kwance mariƙin dungurungum, idan ma zai iya zamewa ta kan maɗaurin. Saboda haka tun wurin saye ka tambayi kanka abu biyu: mariƙin nan zai fita ta gaba alhali ƙarfen baki yana ɗaure? Kuma sukurori nawa zan kwance kafin ya fita? Wanda ake sassauta sukuru biyu a zare shi ya fi wanda sai an yi rabin sa'a ana fama.

Tambayar farko ta fi nauyi ga mai bututu 14.5 da aka yi wa ƙarfen baki walda don ya cika inci 16 na doka. Wannan ƙarfe ba ya fita kuma. Notin da ke ɗaure bututu da gangar jiki, da mahaɗar gas mai haɗa bututun gas da na bindiga, dole su riga shi shiga, in ba haka ba sai maƙerin bindiga ya yanke waldar. A nan, zaɓi mariƙi kafin a yi walda, kada a yi ɗinki kafin a auna mai riga.

Ƙaramin abu mai tsada: wasan nan, wato ɗan zoben ƙarfe mai lotsewa, da ake sa wa ƙarfen baki na yau da kullum ba a amfani da shi a maɗaurin salansa. Ba ya lotsewa daidai ta kowane gefe, sai salansa ta ɗan karkace, harsashi ya daki farantan cikinta. Siraran wasa masu lebur ake sawa, ko a bar shi kai tsaye a kan kafaɗa idan haka kamfanin ya ce.

Mataki na biyar: zafi

Salansa aikinta ke nan, ta tare iska mai zafi ta sassauta fitarta. Da haka take rage ƙarar 5.56 daga sama da desibel 160 da kimanin 20 zuwa 35, abin da ya sa har yanzu ana son a toshe kunne. Zafin da ta tare a jikinta yake zama. Gidan harsashi biyu ko uku a jere sun isa su kai ta ɗaruruwan digiri.

Mariƙin roba irin na asali, mai ɓari biyu, yana iya zama idan salansa tana can nesa a gaba, amma ba a cusa ta a cikinsa. Na zaren kabon ba shi da nauyi kuma ba ya saurin ɗaukar zafi zuwa hannu, sai dai ƙaron da ya haɗa zaren yana da iyakar zafin da yake jurewa. Ya dace da mafarauci mai harbi ɗaya ko biyu, bai dace da mai zazzage gidan harsashi ba. Alminiyam, 6061 ko 7075, shi ne zaɓin yawancin mutane. Yana saurin ɗaukar zafi yana saurin sakinsa, amma shi ma idan ya daɗe a sama da digiri 200 na Salshiyas ƙarfinsa yakan fara raguwa. Nemi mai manyan tagogin iska a sashen gaba. Faifan roba da ake liƙawa don kare hannu a tsaya da su bayan inda salansa ta fara, haka wayar maɓallin tocila, don narkewa take yi.

Mai harbin nesa da madubi zai gamu da kawalwalniya, zafin da ke tashi daga salansa ya sa abin da ake saiti ya riƙa rawa. Maganinta rigar zane mai jure wuta da ake sa wa salansa. Rigar tana ƙara kauri, ba ta shiga cikin mariƙi, kuma tana bukatar ɗan wuri a baya inda igiyarta za ta kama. Wannan ma wani dalili ne na barin tazara.

Tocila kuma, idan ta zauna can baya, salansa za ta tare haskenta ta jefa inuwa a gefe guda. An fi so kanta ya matso kusa da bakin mariƙi ko ya ɗan wuce, a kan maɗauri mai miƙa ta gaba. Duba ko mariƙin yana da rami a kusurwar sama ta dama ko ta hagu har zuwa ƙarshensa.

Mataki na shida: abin da ke ƙarƙashin riga

Zaɓi mariƙin da ba ya taɓa bututu ko kaɗan sai ta wurin notin gindi. Salansa da ma takan ɗan sauya inda harsashi ke faɗawa. Idan mariƙi yana dafe da bututu, kowane irin riƙo zai ƙara nasa sauyin.

Mahaɗar gas dole ta zama gajeriya mai shigewa ciki. Inda take zama ya danganta da tsarin gas ɗin: wajen inci 4 daga gangar jiki a mafi gajarta, 7 a na karbin, 9 a matsakaici, 12 a dogo. Da yake salansa tana mayar da iska baya da yawa, har hayaƙi ya riƙa shiga ido kuma bindiga ta riƙa bugu da ƙarfi, mutane da dama sukan sa mahaɗa mai sukurun daidaitawa. To, ta ina abin murɗawa zai kai ga sukurun? Idan ta gaba ne, salansar da aka cusa ta toshe hanyar. Idan ta gefe ne, sai an dace da taga a daidai wurin. Auna nisan sukurun daga goshin gangar jiki, ka gwada da hoton mariƙin. Bindiga mai sandar fistan a maimakon bututun gas tana bukatar mariƙi mai ƙarin sarari a sama, ba kowanne ke karɓarta ba.

Kusan kowane mariƙi da nasa notin bututu yake zuwa, wani har da sifanarsa ta musamman. Ƙa'idar soja ta ɗaure notin tana tsakanin 30 da 80 a ma'aunin ƙafa-fam, amma lambar da kamfanin mariƙin ya bayar ita ake bi, da sifana mai awo da maiƙo a zare. Wanda ba shi da matsi da abin riƙe gangar jiki ya kai wa maƙeri, aikin ba ya daɗewa. Duba kuma 'yan kunnuwan da ke hana mariƙi juyawa: an yanka su ne don gangar jiki ta asali, sau da yawa ba sa hawa kan masu faɗin kumatu da aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe. Masu manyan bindigogin .308 su kula ninki biyu, don tsarin DPMS da na ArmaLite zarensu ba ɗaya ba ne, DPMS ɗin ma akwai wanda layinsa na sama ya fi tudu akwai wanda ya yi ƙasa.

Mataki na bakwai: gwaji kafin harsashi, da bayansa

Bayan an haɗa komai, bindiga babu harsashi, ɗaura salansa har ta zauna. Zura sandar gwajin saiti mai awon bututunka ta bakin salansa, ka duba ko ta fito a tsakiyar ramin ba ta jingina da gefe ba. Idan ta taɓa, tsaya nan, kada a harba sai maƙeri ya duba zaren da kafaɗar.

Yanke doguwar takarda mai kauri, ka zagaya da ita tsakanin salansa da mariƙi. Ta wuce ko'ina ba tare da ta maƙale ba. Sannan kafa ƙarshen mariƙin a gefen tebur ka danna da irin ƙarfin da za ka sa a fili, ta ƙasa, ta dama, ta hagu, wani ya sake zagayawa da takardar. Ɗaura tocila da duk abin da za ka ɗaura, ka maimaita, kana leƙa ƙarshen kowane sukuru da haske. Wanda ya leƙo da yawa a sauya shi da gajere.

A filin harbi fara da harsashi biyar a hankali. Sauke bindigar, cire harsashi, ka jira ta huce, ka taɓa salansar da safar hannu ka ji ko ta sassauto, domin mai murɗawa kai tsaye takan kwance kanta kaɗan kaɗan, kuma a cikin mariƙi ido ba ya ganin hakan. Duba bakinta ko akwai alamar gugar harsashi, duba jikinta ko akwai sabon ƙyalli. Ja layi da alƙalamin fenti daga kan kowane sukurun mariƙi zuwa jikinsa, yadda ko ya motsa za ka gani. Sai ka harba rukuni biyu a takarda ɗaya, ɗaya mariƙi na kwance a kan jaka ta tsakiyarsa, ɗaya kuma an danna ƙarshensa da ƙarfi. Idan rukunin biyu sun rabu fiye da yadda bindigar ta saba, wani abu yana taɓa wani a ciki, kuma sukurun da ya fi kusa da gindin salansa ko mahaɗar gas shi za ka fara kwancewa ka duba.